Fashin Baƙi: Me Ke Kwance a Ƙarƙashin Tsofaffin Madatsun Ruwa na Karkara?

Duk shekarar da fari ya yi tsanani a wani sashe na duniya, sai hotuna iri ɗaya su cika kafofin sada zumunta: ga hasumiyar coci ta leƙo daga tsakiyar ruwa, ga katangun gidaje a jere cikin busasshiyar laka, ga jama'a sun yi dafifi suna yawo a titin wani ƙauye da aka daina jin ɗuriyarsa shekaru aru-aru. Haka aka gani a Ingila da Iraƙi a 2018, aka sake gani a ƙasashen biyu da kuma Sifaniya a 2022. Tambayar da masu kallo suka fi yi ita ce, yaya aka yi gari guda ya nutse, kuma ina mutanensa suka shiga? Wasu suna ɗauka ambaliya ce ta cinye su, wasu suna ganin wani abin al'ajabi ne, akwai ma masu cewa hotunan haɗin kwamfuta ne. Amsar ita ce da gangan aka nutsar da waɗannan garuruwa, da izinin hukuma da sa hannun 'yan majalisa, domin a tara wa wasu mutane na nesa ruwan sha ko wutar lantarki. Wanda ya san haka, idan ya ziyarci irin wannan wuri, abin da zai gani ya bambanta ƙwarai da na wanda ya je shan iska kawai.

Tafki daban, madatsa daban

Tafki na asali shi ne wanda ruwa ya taru a kwari da kansa ba tare da hannun ɗan Adam ba. Madatsa kuwa, wadda aka fi sani da dam, katanga ce ta ƙasa ko dutse ko siminti da ake gittawa a kan kogi domin a tare masa hanya. Ruwan da ya taru a bayan katangar shi ne matattarar ruwa, kuma shi ne baƙo yake yi wa kallon tafki. Idan shekaru suka ja, itatuwa suka girma a gaɓa, tsuntsaye suka yi sheƙa, masunta suka saba da wurin, da wuya ido ya raba shi da tafkin da Allah ya halitta. Sai dai akwai alamun da ba sa ɓuya. Gefe ɗaya na ruwan yana ƙarewa ne a miƙaƙƙen layi, wato katangar kanta. Akwai hasumiya a tsaye cikin ruwa wadda daga ita ake buɗe bututun da ke jan ruwan. Akwai mafitar da aka tanada domin rarar ruwa ta wuce lokacin cika. Sannan da rani za a ga wani farin zobe na tsirarar ƙasa ya kewaye gaɓa, yana nuna inda ruwan ya tsaya da damina.

Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da manyan madatsu tana kiran madatsa babba idan tsayinta ya kai mita 15, kuma waɗanda ke cikin rajistarta sun haura 58,000. Ƙanana kuwa ba su ƙirguwa.

Me ya kai birane neman ruwa a karkara?

Tare ruwa tsohuwar dabara ce. A Masar akwai kufan Sadd el-Kafara da aka gina kimanin shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ambaliya ta fasa tun ba a ci moriyarta ba. A Yaman, madatsar Ma'arib ta shayar da gonakin daular Saba'i fiye da shekara dubu, aka yi ta gyara ta duk lokacin da ta tsage, har sarki Abraha ya bar rubutu a jikin dutse game da gyaran da ya yi mata, kafin ta rushe gaba ɗaya a ƙarshen ƙarni na 6. Malaman tafsiri da yawa suna danganta ɓallewarta da ambaliyar Arimu da aka ambata a Suratu Saba'i, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sanya kufan Ma'arib cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A Siri Lanka, tafkin Parakrama Samudra da sarki Parakramabahu na ɗaya ya gina a ƙarni na 12 har yau ana ban ruwa da shi, kamar yadda madatsar Proserpina da Rumawa suka gina kusa da Merida a Sifaniya take riƙe da ruwa bayan kusan shekara dubu biyu.

Yawancin waɗannan na da, manomi ne a gabansu, kuma wanda ya gina shi ne ke zaune kusa yana amfana. Abin da ya sauya lissafi shi ne bunƙasar biranen masana'antu a ƙarni na 19. Mutane sun kwararo daga ƙauyuka sun cunkushe a unguwannin da rijiya da masai suke maƙwabtaka, sai kwalara ta riƙa ɗibar rayuka dubbai, kamar yadda ta yi a Birtaniya a 1832 da 1849. A 1854 likita John Snow ya bi sawun mace-macen wata unguwa a Landan har ya gano cewa daga famfo guda na titin Broad cutar take fitowa. Sannu a hankali hukumomin birane suka gane cewa kogin da ke ratsa gari ya gurɓata, don haka suka ɗaga kai suka dubi tuddan karkara, inda ruwan sama ya fi yawa, mutane suka fi ƙaranci, kuma tsayin wurin zai sa ruwa ya gangaro da kansa ba tare da injin turawa ba.

Birnin Liverpool ya je tsakiyar Wales ya gina madatsar Vyrnwy daga 1881 zuwa 1888, ya nutsar da ƙauyen Llanwddyn, ya ja ruwan ta bututu mai tsawon kilomita kusan 110. Birmingham ta bi sahu a kwarin Elan, inda Sarki Edward na bakwai ya buɗe aikin a 1904. Magudanar Elan ta kai kilomita 117, amma bambancin tsayi tsakanin farkonta da ƙarshenta mita 52 ne kacal, kuma da wannan ɗan gangaren ruwan yake tafiya har yau. Duk wanda ya tsaya ya yi tunanin yadda aka auna wannan da kayan aikin wancan zamani, dole ya jinjina wa masu aikin.

Kwarin Derwent: abin da mai ziyara zai tarar

Idan ana neman wuri guda da ya tattara dukkan sassan wannan labari, kwarin Derwent da ke yankin Peak District na Ingila ya isa misali. Matattarai uku ne a jere kamar matakala. Howden da Derwent an gina su tsakanin 1901 da 1916, Ladybower kuma daga 1935 zuwa 1943, sannan Sarki George na shida ya buɗe ta a 1945 bayan ta cika. Biranen Sheffield da Derby da Nottingham da Leicester ne ke shan ruwan.

Wanda ya tsaya a gindin katangar Derwent zai ga manyan duwatsu da aka sassaƙa aka jera, da hasumiya biyu masu kama da na gidan sarauta, ɗaya a kowane gefe. Bayan ruwan sama mai yawa, ruwa yana malalowa ta saman katangar kamar an shimfiɗa farin ƙyalle, ƙararsa tana hana mutum jin maganar na kusa da shi. Duwatsun nan da jirgin ƙasa aka ɗauko su daga wata mahaƙa da ke kusa da Grindleford, a kan layin dogo da aka shimfiɗa musamman don aikin. Leburorin da suka ɗora su kuwa an gina musu gari na wucin gadi mai suna Birchinlee, gidajen kwano ne, har ake masa laƙabi da garin kwano, yana da makaranta da asibiti da shaguna, kuma mazauna sun kai kusan dubu. Da aka gama aiki aka kwashe garin ƙaf. Yau idan mutum ya bi ta cikin itatuwan wurin, abin da zai samu shi ne shimfiɗaɗɗun filaye a jikin tudu inda gidajen suka zauna, da 'yan alluna masu bayani. Masu ziyara da yawa sukan wuce ba su lura ba, alhali a ganina nan ne zuciyar tarihin wurin, domin sunan injiniya da na sarki suna rubuce a jikin dutse, na waɗanda suka ɗauki dutsen kuwa sai an tona.

A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, rundunar sojan sama ta Birtaniya mai lamba 617 ta yi amfani da hasumiyoyin Derwent wajen atisayen shawagi ƙasa-ƙasa, kafin ta kai hari kan madatsun Möhne da Eder a Jamus a daren 16 ga Mayu na wannan shekara. Akwai dutsen tunawa da su a bakin katangar. Ruwan da ya ɓalle a Jamus bayan harin ya fasa madatsun ya kashe mutum fiye da dubu, da yawansu fursunoni ne da ake sa wa aikin dole, kuma wannan ɓangare ba kasafai baƙo yake jin sa ba.

Ladybower ce ta cinye ƙauyuka biyu, Ashopton da Derwent. A nan ya kamata a gyara wata fahimta: ba a bar gidajen a tsaye ruwa ya rufe su ba. An fitar da mutane, an rushe gine-gine, har da babban gidan Derwent Hall wanda aka gina a 1672, an tone kaburbura an mayar da gawarwaki maƙabartar Bamford. Hasumiyar cocin Derwent kaɗai aka bari don tunawa, amma da ruwa ya ja baya mutane suka riƙa kutsawa wurinta, sai aka tarwatsa ta da nakiya a 1947. Tsohuwar gadar dutse ta ƙauyen kuwa warware ta aka yi dutse bayan dutse, aka sake haɗa ta can sama a wani wuri da ake kira Slippery Stones, inda masu tafiya a ƙasa suke tsallakawa a kanta har yanzu. Saboda haka abin da fari yake tonowa harsashin gini ne, da ginshiƙan ƙofa, da dokin ƙofar da ƙafafu suka goge shi ya yi santsi, da tarin duwatsun coci. Ashopton ita ba ta fitowa, tana can cikin zurfi a ƙarƙashin babbar gadar mota da ke ɗauke da sunanta.

Abin da ya fi jan masu ɗaukar hoto a Ladybower shi ne wasu manyan ramuka biyu masu faɗin mita 24 da ke kusa da katanga, masu siffar mazurari. Idan ruwa ya cika sai ya riƙa zuba cikinsu kamar ƙasa ce take haɗiye shi. A intanet an sha yaɗa hotonsu da ƙaryar cewa wata ƙofa ce ta ƙarƙashin duniya. Mafitar rarar ruwa ce kawai, tana bi ta rami ta fita kogi a ƙasan katanga, kuma ba don ita ba da ruwa ya haura katangar ƙasa ya zaizaye ta.

Su wa suka amfana, su wa suka rasa?

Masu kare waɗannan ayyuka suna da hujja mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Ruwa mai tsabta ya ceci rayukan miliyoyin talakawan birni, musamman yara. Madatsu suna rage ambaliya, suna ba da lantarki, suna raya noman rani. Idan aka ɗora mutum ɗari na kwari a sikeli da mutum dubu ɗari na birni, in ji su, kowa ya san inda zai rinjaya.

Masu suka ba su cika musun amfanin ba. Abin da suke tambaya shi ne wa aka tuntuɓa, wa ya yanke hukunci, kuma wa aka biya. A wurare da dama diyya tana zuwa ne hannun mai ƙasa, manomin haya da ya gaji gonar kaka da kakanni kuwa ya tashi da kayansa kawai. Misalin da ya fi ciwo a Birtaniya shi ne na Capel Celyn a kwarin Tryweryn, ƙauyen da kusan kowa a cikinsa harshen Wales yake ji. Da Liverpool ta so gina madatsa a kwarin, sai ta nemi doka kai tsaye daga majalisar Landan, wadda ta ɗauke mata buƙatar neman izinin ƙananan hukumomin Wales. Mutanen ƙauyen sun yi tattaki har cikin Liverpool a 1956 suna roƙo. Daga cikin 'yan majalisa 36 masu wakiltar Wales babu ko ɗaya da ya goyi bayan dokar, amma ta wuce a 1957. A 1965 ruwa ya rufe makaranta da gidan waya da wurin ibada da gonaki, mutum 48 daga cikin 67 na kwarin suka rasa muhallinsu. Adadin ƙarami ne, tasirin kuwa babba: shekara guda bayan haka jam'iyyar Plaid Cymru ta masu kishin Wales ta ci kujerarta ta farko a majalisa, kuma masana tarihi da yawa suna lissafa Tryweryn cikin abubuwan da suka ƙarfafa neman Wales ta samu majalisarta, wadda ta samu a 1999. Hukumar birnin Liverpool ta nemi afuwa a 2005, shekara 40 bayan faruwar abin.

A ƙarni na 20 girman ayyukan ya ninka, haka ma yawan waɗanda aka tasa. Babbar madatsar Aswan da aka gina daga 1960 zuwa 1970 ta raba Nubiyawa kimanin 100,000 na Masar da Sudan da gaɓar Nilu. Duniya ta haɗa kuɗi ta yanka haikalin Abu Simbel gunduwa-gunduwa ta ɗaga shi sama har mita 65, aikin da ya share fagen yarjejeniyar kare wuraren tarihi ta 1972. An ceci gumakan dutse cikin girmamawa, su kuwa mutanen garin Wadi Halfa na Sudan aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa Khashm el-Girba, ɗaruruwan kilomita daga mahaifarsu. Rahoton Hukumar Madatsu ta Duniya na shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa tsakanin mutum miliyan 40 zuwa 80 manyan madatsu suka raba da muhallinsu.

Ni dai ban ga saɓani tsakanin yarda da amfanin madatsa da amincewa da cewa an zalunci wasu wajen gina ta ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma allon bayanin da ya faɗi tsayin katanga da yawan litar ruwa, ya yi shiru game da sunan ƙauyen da ke ƙasa, rabin labari ya bayar.

Me ya sa kufai suke bayyana yanzu?

Matattarar ruwa an yi ta ne don ta cika ta kuma ragu, saboda haka fitowar kufai ba sabon abu ba ne. An ga na Derwent a 1976 da 1995 tun kafin zamanin wayar hannu. Abin da ya sauya shi ne yawan faruwar abin da kuma saurin yaɗuwar hoto. Fari yana daɗewa, zafi yana ƙafar da ruwa, birane suna ƙara ja, kamfanonin lantarki kuma wani lokaci suna saki da yawa. A Fabrairun 2022 matattarar Alto Lindoso da ke iyakar Sifaniya da Portugal ta sauka zuwa kashi 15 cikin ɗari, sai ƙauyen Aceredo da aka nutsar a 1992 ya fito da katangunsa a tsaye, tsofaffin mazaunansa suna nuna wa jikoki ɗakunan da aka haife su. A matattarar Valdecañas ta Sifaniya an ga da'irar duwatsun Guadalperal masu shekaru dubbai, waɗanda ruwa ya rufe tun 1963. A madatsar Mosul kuwa masu binciken kayan tarihi na Jamus da na Kurdawa sun yi rige-rige da ruwa a wurin da ake kira Kemune, birnin daular Mitanni mai shekara 3,400, suka tono allunan yumɓu masu rubutu fiye da 100, sannan suka lulluɓe ginin da leda da tsakuwa kafin ruwa ya dawo.

Ga mai yawon buɗe ido wannan abin kallo ne. Ga wanda famfonsa ko gonarsa ta dogara da ruwan, kowane dutse da ya leƙo gargaɗi ne.

Tsufa da haɗarinsa

Kalmar tarihi tana da daɗin ji, amma ga katangar da ke riƙe da miliyoyin tan na ruwa, ma'anarta tsufa. Wani rahoto na masu bincike a Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 ya nuna cewa akasarin manyan madatsun duniya an gina su ne tsakanin 1930 da 1970, kuma an tsara su ne su yi shekara 50 zuwa 100. Laka da yashi da kogi yake kwasowa suna kwanciya a ƙasa suna cinye wurin ruwa, kimanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara idan aka ɗauki duniya baki ɗaya. Ƙarfe yana tsatsa, siminti yana tsagewa, ruwa yana neman hanyar yoyo, sannan mafitar da aka auna da ruwan saman shekara ɗari da suka wuce ba lallai ta iya da na yau ba.

Dokokin tsaro galibi bayan asara ake yin su. Madatsar Dale Dike ta ɓalle a Maris na 1864 ta kashe kimanin mutum 240 a Sheffield, kuma sai bayan mutuwar mutum 16 a ɓallewar madatsa a Dolgarrog ta Wales a 1925 Birtaniya ta yi dokar 1930 da ta wajabta wa ƙwararrun injiniyoyi duba madatsu lokaci zuwa lokaci. Duk da haka, a Agustan 2019 mafitar Toddbrook a Ingila, wadda madatsarta ta kusa shekara 180, ta fara ɓarewa, aka kwashe mutum 1,500 daga garin Whaley Bridge, jirage masu saukar ungulu suka yi ta zuba buhunan tsakuwa har aka shawo kanta. Inda aka yi sakaci da gyara kuwa, Derna ta Libiya ta nuna sakamakon a Satumban 2023, lokacin da madatsu biyu na shekarun 1970 suka fashe cikin dare, aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, wasu dubbai kuma ba a gan su ba.

Abin da ya rataya a wuyan mai ziyara

Ruwan matattara ya fi na kogi yaudara. Samansa yana iya yin ɗumi da rana, amma ƙasa kaɗan sanyinsa yana iya ƙame numfashin gwanin iyo cikin daƙiƙoƙi, ga gaɓa mai gangare, ga bututun da ke jan ruwa ba a gani. Lakar da fari ya tona kuwa samanta ne kawai ya bushe. A Nuwamban 2018 sai da masu aikin ceto suka zo suka zaro wani mutum da ya maƙale a taɓon Ladybower yana ƙoƙarin isa kufan Derwent, kuma a wannan lokaci masu gadin wurin sun koka kan yadda baƙi suke ture duwatsu, suna rubutu a jikinsu.

Wanda yake son ya fahimci wurin, zai fi samun abin da yake nema idan ya fara da tsohuwar taswira ta kafin a gina madatsar, ya ɗora ta a kan ta yanzu, ya ga inda hanyar da ta shige cikin ruwa take nufa. Daga nan ya nemi maƙabartar da aka mayar da kaburbura, ko garin da aka sake tsugunar da mutanen, domin a can ne zai tarar da 'ya'ya da jikokin waɗanda aka tasa, masu riƙe da hotuna da sunayen gonaki da babu su a kowane allo. A Tryweryn an gina ƙaramin ɗakin tunawa a bakin ruwa da duwatsun gine-ginen da aka rushe, aka jera duwatsun kaburburan ƙauyen a harabarsa, kuma iyalai suna zuwa har yau su tsaya a gaban sunayen iyayensu.